Yadda ake tsara wurin fakin motoci a Abuja, tun daga takarda har zuwa fenti

Jama'a duk wanda yake bin Aminu Kano Crescent a Wuse 2 da yamma, ko cikin Gwarinpa wajen ƙarfe biyar, ya san abin da zan yi magana a kai. Filaza ce mai shago talatin ko arba'in amma motar da harabar za ta ɗauka ba ta wuce goma ba, sauran duk suna bakin titi, wasu sun haye hanyar masu tafiya a ƙasa, maigadi na ta ɗaga hannu "taho, taho, yanke, tsaya", mai Corolla ya toshe mai Hilux ana bi shago shago ana cigiyar mai mota. Ni aikina tsayawa a kan aikin gini ne, na daɗe tare da birkiloli da leburori a garin nan, kuma abin da na fi gani shi ne mai fili ya zana gininsa ya cika fuloti taf, ɗan abin da ya rage a gaba sai ya ce to nan ne fakin. Wallahi daga nan ake samun matsala. Wurin fakin shi ma gini ne, yana da awonsa da tushensa da hanyar ruwansa, kuma tare da ginin ake zana shi a takarda ɗaya tun ba a haƙa rami ba. Ko filaza za ka yi, ko makaranta, ko asibiti, ko kwamitin masallaci ne kuke son gyara harabarku, ga yadda nake bin aikin.

Da farko, takardu

Kafin ka kira tifa ko ɗaya ka je AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, ka duba me aka ware filin domin shi, na zama ne ko na kasuwanci ko na ibada, saboda a Abuja fili da aka ba ka don gidan zama in ka mayar da shi wurin kasuwanci ba izini ka saɓa tsarin gari, kuma wani ɓangare na cunkoson da ake gani a Wuse 2 da Maitama da Garki daga nan ya samo asali, gida ne da aka zana don mota uku ko huɗu aka mayar da shi banki ko gidan abinci. Sai ka nemo safiyo mai rajista ya nuna maka duwatsun iyakarka, kuma ka ce masa ya ɗauko maka tudu da kwarin filin ma, kada ya tsaya a tsawo da faɗi kawai, za ka ga amfanin wannan in mun zo maganar ruwa.

Abin da mutane da yawa ba sa so su ji: wannan sararin da ke tsakanin katangarka da kwalta ba naka ba ne. Na hukuma ne, ta nan bututun ruwa da wayoyi da bututun bahaya suke bi, musamman a tsofaffin unguwanni da FCDA, hukumar raya babban birnin tarayya, ta shimfiɗa wa komai a ƙarƙashin ƙasa. Kada ka ƙirga shi a cikin fakin ɗinka, ran da aka zo haƙa ko aka zo da katafila ba wanda zai biya ka ko sisi.

Izinin gini kuma a wajen Development Control ake samunsa, sashen da ke ƙarƙashin AMMC, hukumar gudanar da birnin Abuja. A cikin zanen da za ka kai akwai taswirar fuloti, a nan ake so a ga gurbin kowace mota an zana shi, da mashiga da mafita da magudanar ruwa. Kowa ya zama yana da rajistar hukumar sana'arsa, mai zanen ta ARCON, injiniyan ta COREN, mai tsara birni ta TOPREC. Yawan gurbin da za su nema ya danganta da abin da za a yi a ginin da girmansa, na otal daban na ofis daban na wurin taro daban, don haka mai zanenka ya karɓo adadin daga wajensu tun kafin ya fara zane. Kuma dan Allah abin da aka amince da shi a takarda shi za a gina, wannan ɗabi'ar ta a samu izini sannan a dawo a dasa kwantena da rumfar POS da ɗakin janareta a kan gurbin motoci ita ce take kashe wurare da yawa.

Na biyu, ƙirga motocin da gaske

Adadin hukuma shi ne mafi ƙaranci, kai kuma ka yi naka lissafin. Ni abin da nake yi shi ne in je wani wuri mai kama da wanda za mu gina, in zauna a lokacin da ya fi cika in ƙirga da idona, har da waɗanda suka yi fakin a waje. Masallaci ranar Juma'a, makaranta lokacin tashi, wurin biki ranar Asabar da daddare. Kada ka manta masu shagunan kansu da ma'aikata, su ne suke zuwa da sassafe su kame gurbin gaba su bar shi har dare, kwastoma ya zo ya rasa wuri. Ka ware musu baya tun a zane.

Lissafi mai sauƙi da za ka riƙe: kowace mota ɗaya tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30 idan aka haɗa gurbinta da rabonta na hanyar wucewa. Fuloti mai ƙafa 100 sau 100 kusan murabba'in mita 930 ne, wato ko ba gini a ciki ko ɗaya mota talatin da 'yan kai zai ɗauka. Duk wanda ya ce maka zai saka sittin a ciki to jera su zai yi kamar a garejin sayar da motoci, ta ciki ba za ta fita ba sai an fitar da ta waje.

Na uku, awo

Nan ne zan daɗe domin nan ne aka fi yin ha'inci. Awon gurbi da injiniyoyi suka saba da shi faɗin mita 2.5 ne, tsawon mita 5. Corolla za ta zauna a ciki lafiya lau. Amma ka dubi motocin Abuja, Hilux tsawonta ya kai mita 5.3, Sienna ta ɗan wuce mita 5 kuma faɗinta na neman mita 2, ga Prado da Land Cruiser ko'ina, shi ya sa ni in fili ya yarda nake yin faɗin 2.7 tsawon 5.5, ko ba duka ba a layi ɗaya dai. Gurbin da ke jikin katanga ko ginshiƙi ka ƙara masa kamar santimita 30 don ƙofa ta buɗu, Hajiya za ta fito da goyo ko Baba da sanda ba sai an matse ba.

Hanyar tsakiya ita ce ran wurin. In motoci za su tsaya a miƙe suna fuskantar katanga, hanyar da ke bayansu kada ta gaza mita 6, da ita ake yin ribas a fita a juyi ɗaya kuma mota biyu su gifta juna. Ka ga kenan layi biyu da hanya a tsakiya 5 da 6 da 5 ne, mita 16 cif. To ga inda masu fuloti 50 sau 100 suke faɗawa: ƙafa 50 mita 15.2 ne kacal, bai kai 16 ba tun ma ba a cire kaurin katanga biyu ba. Sai ɗan kwangila ya rage hanyar zuwa mita 4 da rabi ya ce "Alhaji ai zai shiga", eh zai shiga, amma fita sai an yi gaba da baya sau huɗu, kuma kullum sai an goga wa wani bamba. A irin wannan fili abu biyu ne mafita. Ko ka yi layi ɗaya a miƙe ɗaya gefen kuma motoci su bi tsawon katanga ɗaya bayan ɗaya, kowace a ba ta tsawon mita 6, jimilla kusan mita 13.5 kenan ya shiga har da rara. Ko kuma ka karkata gurabun, a digiri 45 hanyar tsakiya mita 3.5 zuwa 4 ta isa, a digiri 60 kamar mita 5. Sai dai karkataccen fakin hanya ɗaya yake so, a shiga ta nan a fita ta can, in geti ɗaya gare ka kuma ƙarshen wurin a toshe yake kada ma ka fara, duk wanda ya shiga da baya zai fito har titi.

In ƙarshen hanya katanga ce, ka bar ɗan sarari kamar mita 1 bayan gurbin ƙarshe don mai wannan gurbin ya samu inda zai jefa bayan motarsa.

Dabarar da ban taɓa tsallakewa ba: kafin a zuba komai, a kafa turaku a ja igiya a zana gurabun da farar ƙasa ko toka a kan ƙasa, sannan a kawo mota babba ta gaske, Hilux ko bas, a sa direba ya shiga kowane lungu ya fita. Rabin yini ne aikin. Abin da takarda ta ɓoye a nan yake fitowa, kuma gyaran layin toka ba ya cin kuɗi.

Na huɗu, geti

Geti guda na shiga da fita faɗinsa mita 6, in biyu ne kowanne mita 3.5. Ka nisanta shi da mahaɗar titi gwargwadon yadda filin ya bari. Sannan tunda a Abuja kusan ko'ina sai maigadi ya duba but ko ya miƙa kati, ka tura getin ciki da tsawon mota ɗaya aƙalla, mita 6, yadda wanda ake dubawa zai tsaya a cikin filinka ba a kan kwalta ba. Katangar da ke gefen mafita kada ta yi tsayin da direba ba zai hango yaro mai wucewa ko mai mashin ba. Kwalbatin da ya haye gwatar titi kuma a zuba shi da rodi sosai don ba ƙananan motoci kaɗai za su taka shi ba, tankar ruwa da ta dizal da motar kwasar shara duk ta nan za su bi, haka motar kashe gobara Allah ya kiyaye. Masu tafiya a ƙasa a yi musu ƙaramar ƙofarsu daban. In wurin a Kubwa ne ko Lugbe ko Nyanya inda keke da mashin suke aiki, ka ware musu kusurwarsu kusa da ƙofa, a cikin gari ma yanzu masu kai saƙo a mashin sun yi yawa.

Na biyar, masu buƙata ta musamman

Wannan doka ce ba alfarma ba. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a wuraren fakin na jama'a a ware musu gurabu a yi musu alama, kuma wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika tun farkon 2024. Gurbin nasu faɗinsa mita 3.6 ne don keken guragu ya samu wurin tsayawa a gefen ƙofa, ya zama shi ne mafi kusa da ƙofar gini, a wuri shimfiɗaɗɗe, kuma daga nan zuwa baranda a yi gangare mai sauƙi, hawan santimita 10 a ba shi tsawon mita 1.2. Abin yana min ciwo in ga an zana hoton keke a ƙasa amma a gabansa dakali ne mai tsayi. Iyayenmu tsofaffi ma su ne suka fi amfana da wannan gangaren a masallatai da asibitoci.

Na shida, ruwa

Damunar Abuja doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma wanda ya zauna a Lokogoma ko wasu sassan Lugbe ya san abin da ruwa yake yi in an toshe masa hanya. Ka yi wannan lissafin: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Fili mai murabba'in mita 900 da aka shafe, in aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, lita 45,000 kenan, da can ƙasa ce take shanye wani kaso, yanzu ka rufe ta dole ka nema masa hanya. Saboda haka wurin fakin ba a yinsa a baje kamar faranti. A ba shi gangaren santimita 2 a kowace mita, ka ga a faɗin mita 16 bambancin kusan santimita 32 ne, kada kuma ya wuce santimita 5 a mita don ƙofofi za su riƙa rufe kansu mota kuma ta gangara in birkin hannu ya yi sanyi. Gangaren ya kauce wa gini, ya nufi gwata, gwatar ta fita zuwa magudanar titi. Kada ka juya wa maƙwabci ruwanka, haƙƙi ne kuma rigima ce da ba ta ƙarewa. Kada kuma a haɗa ruwan sama da bututun bahaya na gari. Gwata mai murfin ƙarfe ko na kankare da ake ɗagawa ta fi, don leda da yashi sai sun shiga kuma sai an kwashe. Ko ba na'urar safiyo, birkila mai hankali da tiyon ruwa da igiya zai fitar maka da gangaren daidai.

Masu yin fakin a ƙarƙashin gini kuma, tsayin rufi kada ya gaza mita 2.2 a ƙarƙashin bim, wato kankaren da ke ɗauke da rufin, da bututu, a sa gwata a saman gangaren da ƙasansa, da rami da famfon tsotse ruwa guda biyu masu aiki ko ba wutar NEPA.

Na bakwai, abin da ke ƙarƙashi

Akwai wata filaza da na karɓi gyaranta shekarun baya, intalok ɗin, wato bulon da ake jerawa a ƙasa, sabo fil bai yi shekara ba amma duk sawun taya ya lotsa ruwa ya kwanta. Mai wurin ya ce min "Injiniya, bulon ne ba shi da kyau ko?" Na ce ranka ya daɗe bari mu ɗaga mu gani. Muna ɗagawa sai ga baƙar ƙasa da saiwar ciyawa da ɓaraguzan bulo, an watsa yashi a kai an jera. Kuɗin da ya biya sau biyu ya fi na yin aikin daidai tun farko nesa ba kusa ba.

Yadda ake yi: a kankare ƙasar sama gaba ɗaya, baƙar nan mai ciyawa, a fitar da ita daga filin. A daddage ƙasan da rola. Sai jar ƙasa, marmara mai kyau, a zuba ta hawa hawa kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa daidai ba caɓi ba a bi da rola har sai ta daina nuna sawu. Wanda ya juye tifa biyar wuri ɗaya ya baje ya bi da rola sau ɗaya saman kawai ya danne. A kan marmara sai dakakken dutse, irin wanda ake ɗaukowa daga wajen fasa dutse na Mpape, shi ma kamar santimita 15, inda tanka za ta bi a ƙara. In filin babba ne ko ƙasar cikon bola ce ko fadama, a kira masu gwajin ƙasa, kuɗinsu kaɗan ne a kan abin da suke tsare maka. Kuma duk wani bututu ko wayar fitila da za ta ratsa a binne ta yanzu, da bututun banza ɗaya ko biyu na ajiya, kada a gama a dawo ana fasawa.

Na takwas, saman

Intalok shi aka fi yi kuma ni ma shi na fi so a harabar da ba ta da girma sosai, don in wani wuri ya lotsa ko za a gyara bututu ɗagawa za a yi a mayar. Mai kaurin santimita 6 na tsakar gida ne da hanyar ƙafa, wurin jama'a mai santimita 8 za ka saya. Ka ɗauki guda biyu ka gwara su, in ya yi ƙara tsaf bai zubar da gari ba to da siminti a jikinsa, in gefensa yana marmashewa a hannu ka bar musu kayansu. Yashin shimfiɗa santimita 3 zuwa 4 ya isa, mai kaifi, ba a cike rami da shi. A fara kafa dakalin gefe a riƙe shi da kankare kafin a jera, in babu shi bulon zai riƙa buɗewa daga baki. Bayan jerawa a bi da injin dannawa, a share busasshen yashi ya cika tsakankanin, a sake dannawa.

Kankare ya fi dacewa da inda manyan motoci suke juyawa da wajen janareta da wajen shara, kaurin santimita 15 zuwa sama, a yanka masa layin tsagewa duk mita 4, a riƙa ba shi ruwa sati guda, kuma a haƙura da hawa kansa da kaya masu nauyi sai ya yi kwana 28. Kwalta kuma sai fili ya yi girma take da riba saboda injinan da za a kawo, santimita 4 zuwa 5 a kan dutse, illarta dai baƙin mai da dizal suna narkar da ita inda motoci suke ɗiga.

Na tara, fenti da fitila da inuwa

Layin faɗin santimita 10, da fentin titi ba na bango ba, fari ko ruwan ɗorawa, da kibiyoyin shiga da fita. A sa ɗan tubalin tare taya a gaban katanga da baranda. Fitilun sola a kafa su a kusurwa ko a kan dakali inda ribas ba zai same su ba, kuma hasken ya kai lungun baya don nan mata suke jin tsoro da daddare. Inuwa a zafin Maris ba sai an faɗa ba, amma bishiya a ba ta raminta mai faɗi da dakali kewaye in ba haka ba saiwa za ta ɗaga intalok, mangwaro kuma a kai shi can gefe saboda 'ya'yan da jifan yara. Rumfar inuwa in za a yi, ƙafafunta su faɗa a kan layi ba cikin gurbi ba.

Maganar biyan ɗan kwangila, ku rubuta tun farko cewa za a riƙe wani kaso sai damuna ta gwada aikin. In da rani aka gama, ka sa tankar ruwa ta sake ruwa daga tudun filin kana tsaye, ka bi shi da ido har gwata, duk inda ya kwanta ka zagaye da alli a ɗaga a gyara. Ruwan farko mai ƙarfi kuma ka je da kanka washegari da safe, ka ɗaga murafun gwata ka duba, ka sa a ƙara yashi a tsakanin bulon inda ruwa ya wanke, sannan ka sake masa cikon kuɗinsa.